Abin da Na Rufe a Jikin Bututu

Sai da muka sauka a Maskat na gane cewa takardar da ejan ya ba ni a Gombe ba ta ce walda ba. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, takardar kuma da Larabci da Turanci aka rubuta ta, don haka bakinsa na bi. A shagonsa na Hammadu Kafi ya zaunar da ni ya ce, "Hamisu, hannunka ya fi ƙarfin waldar ƙofofi a unguwar Shamaki. Can Oman bututun mai za ka riƙa haɗawa." Mutumin da ya tarbe mu a filin jirgi ya karɓi fasfona, ya dubi takardar, ya dube ni, sannan ya kwaikwayi mai haƙa rami da hannu biyu. Na ce masa, "Walda." Ya yi dariya, ya sake kwaikwayon haƙa. Ashe lebura aka rubuta.

Ba don in zagi ejan nake wannan rubutu ba. Ya cuce ni, Allah ya gani. Amma nawa laifin ya fi nasa muni, kuma shi nake so in faɗa.

Zangonmu na farko wani gida ne a bayan gari, inda muka yi kwana tara muna jiran gwajin asibiti. Mu goma sha biyu ne a ɗaki, babu mai jin yaren wani sosai. A nan na fara sanin cewa mutum zai iya ƙoshi da shinkafa ransa kuma yana kukan tuwo. Daga nan aka zuba mu a mota aka nausa kudu. Tun ina ganin bishiya jefi-jefi har ta ƙare, sai tsakuwa da sarari. Mun yi tafiyar wuni guda kafin mu isa sansanin. Kwantenoni ne a jere, da tankin ruwa, da rumfar kanikawa, da wani fili da aka kewaye da duwatsu ana salla a ciki.

Gadona na sama ne. Na ƙasa na wani mutumin Bangaladash ne mai suna Shafiƙul, siriri, ya girme ni da kamar shekara goma. Ranar da na iso ban iya cin abincin sansanin ba. Ya dube ni, ya buɗe wata 'yar roba ya miƙo mini soyayyen busasshen kifi da barkono. Ni kuma na ciro yajin da Dada, mahaifiyata, ta daka mini a gida, unguwar Malam Inna, na zuba masa a tafin hannu. Ya lasa, idonsa ya kawo ruwa, ya ɗaga mini babban yatsa. Daga ranar muka zama abokan cin abinci. Guntun Larabci muke haɗawa da nuni. Ya nuna mini hoton 'ya'yansa mata uku a cikin kwalekwale. Ya ce shi manomin shinkafa ne, garinsu ko'ina ruwa. Na ce masa mu ma a Gombe in damina ta yi ƙarfi, kwari har gidaje yake ci. Ban tabbata ya gane ba, amma ya girgiza kai irin na wanda ya san ɓarnar ruwa.

Aikin namu haka yake. Akwai bututun mai a binne, ya ratsa hamadar. Kafin zuwanmu an tura wata na'ura ta cikinsa, man ne ke tura ta, tana ɗauke da maganaɗisu. Duk inda ta ji ƙarfen bai yi mata daidai ba sai ta riƙe wurin. Mu kuma mu je mu tono daidai nan. Mota mai haƙa ce ke cire ƙasar sama, mu ƙarasa da hannu. Kowane rami akwai lambarsa da sunan wanda zai ƙarasa shi a takardar foman, wato shugaban leburori. Doka ɗaya ce aka fi nanata mana: in ya rage kamu ɗaya ka isa bututu, ka ajiye diga da shebur na ƙarfe, ka ɗauki na roba da buroshi. Dalili kuwa, jikin bututun a lulluɓe yake da wata baƙar roba mai tauri wadda ke hana danshi taɓa ƙarfen.

A mako na biyu ina cikin rami, diga ta kuɓuce ta doki ƙafata, na ce, "Wayyo Allah!" Sai na ji daga sama an ce, "Sannu, ɗan'uwa. Daga wace ƙasa ka fito?"

Na ɗaga kai na ga dattijo baƙi, da farar hular kwano da gilashi, riƙe da akwati mai ruwan ɗorawa. Wallahi sai da hawaye ya zo mini. Kwana ashirin ban ji Hausa ba sai a waya.

Sunansa Malam Abdurrahim, mutumin Sudan ne, shi ke duba bututun bayan mun tono. Da na ce Gombe, ya ce, "Kakana ya ce ya kwana a wajenku a hanyarsa ta zuwa Makka. Da ƙafa. Ya yi aikin hajji, a dawowa ya tsaya hutawa a Sudan. Har yau hutawar muke yi." Hausarsa irin ta tsofaffi ce, yana cusa Larabci a ciki. Na gaya masa ni mai walda ne, kuskure aka yi aka sa ni haƙa.

Ya ce, "Mai walda? To ka zo gidan abokin gabarka. Shekara talatin ina neman abin da masu walda suka ɓoye."

Tun ina yaro ina da cutar son sanin cikin abu. Na sha duka a kan rediyon babana. Don haka da na gama ramina, maimakon in nemi inuwa, sai in tsaya a bayan Malam ina leƙe. Abin da yake riƙewa bai fi sabulun wanka girma ba, da waya ta haɗa shi da akwatin, akwatin kuma yana da allo kamar na waya babba. Yana jan sabulun nan a hankali a kan baƙar robar, wadda shi yake kira riga, layuka biyu suna tafiya a allon. Bai kankare komai ba, bai fasa komai ba, sai ya ce nan lafiya, nan kuma akwai tsaga.

Na ce, "Malam, tsakani da Allah, yaya take gani ta cikin roba?"

Ya ce, "Ba gani take ba, ji take. Injin waldarka, me ke cikinsa?"

Na ce naɗin waya ne, ni da kaina na taɓa sake naɗa shi a Shamaki da ya ƙone.

Ya ce, "To ɗan ƙaraminsa ne a cikin nan. Wuta tana kai da komo a cikinsa da sauri, sai ya zama maganaɗisu. Maganaɗisu ba ruwansa da roba, wucewa yake. In ya isa ƙarfe sai ya tayar da wata 'yar wuta a fatar ƙarfen, tana gudu shimfiɗe. Ka taɓa ganin ruwan sama yana bin titi?"

Na ce sosai.

"In titin lafiya yake, ruwa ya tafi sumul. In ya tarar da katanga fa?"

"Sai ya kewaye."

"To tsaga katanga ce a wurin wannan wutar. Wata ta kewaya ta gefe, wata ta nutsa ta ƙasa. Da ta karkace, maganaɗisun da ke sama ya canza, abin hannuna ya ji, layin nan ya lotsa. Daga yadda ya lotsa nake sanin tsawonta da zurfinta."

Na kwana biyu ina juya maganar. Na dawo na tambaye shi ko za ta ji karayar ƙashin mutum. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Sai in ƙashinka na ƙarfe ne, ɗan Gombe." Yana da wata ƙaramar na'ura kuma, kamar biro mai kauri, ita rigar take aunawa. In ya dangwala ta sai lamba ta fito. Ya ce nisan da ke tsakaninta da ƙarfe take ji, wannan nisan kuwa shi ne kaurin rigar. Ban yarda ba sai da na ɗora takarda ɗaya a kan guntun ƙarfe na dangwala, na ƙara ta biyu, na ƙara ta uku, ina kallo lambar tana hawa. Shafiƙul yana gefe yana mini dariya, yana nuna kansa da yatsa, wai na zare.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, kowace safiya kafin ya taɓa bututu, Malam sai ya fito da wani falalen ƙarfe da aka yi wa tsaga da gangan, an san girmanta. A kansa yake fara jan na'urar. In ta faɗi daidai, a tafi aiki. In ba ta faɗa ba, ba inda za a je. Na ce, "Ashe ita ma ba ka yarda da ita ba." Ya ce, "Ina yarda da ita kullum, bayan na tambaye ta abin da na riga na sani."

Ran Juma'a muke hawa wani tudu bayan sansani, inda ake samun sabis. Nan nake kiran matata Saratu. Ban taɓa gaya mata haƙa nake ba. Da ta ce, "Baban Ummi, yaya waldar?" sai in ce alhamdu lillahi, in tambaye ta ko an yi ruwa. In ta ce an yi, sai in ce ta ba ni labarinsa.

A wata na biyar zafi ya kai inda ban san zafi yana kaiwa ba. Wata Talata aka ba Shafiƙul rami na goma sha bakwai, ni na sha takwas, kusa da juna. Wajen hantsi na leƙa na gan shi zaune a ƙasan rami, ya daina gumi, leɓensa ya yi fari. Na san in foman ya rubuta shi marar lafiya karo na biyu a watan, za a fara maganar bai dace da aikin ba. Na ciccibo shi na kwantar a inuwar motar ruwa, na jiƙa masa rawani, na ce ya huta, ni zan ƙarasa masa.

Niyyata mai kyau ce, wannan kam ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Amma rami biyu ne a gabana, ƙasar wurin kuma ta haɗe kamar siminti. Shebur ɗin roba sai zamewa yake. Na duba sama, babu kowa. Na ce sara uku kawai, a hankali, ai na san hannuna. Na ɗauki diga. A sara na biyu na ji wani sauti da duk mai aikin ƙarfe ya sani.

Na share ƙasar da hannu. Bakin digar ya yage rigar kamar tsawon ɗan yatsa, ya shiga ƙarfen ya bar rami mai sheƙi, dab da layin walda.

A nan ne ya kamata in hau sama in kira foman. Maimakon haka sai hannuna ya tuna gida. A shagonmu in ƙofa ta samu rauni ko walda ta bar rami, ba ma sake ta. Fila muke kwaɓawa, irin wadda masu gyaran jikin mota ke cike lotsa da ita, mu shafe, mu goge da samfefa, mu bi da fenti. Mai ƙofa ya zo ya shafa ya ce ma sha Allah. Haka ogana ya koya mini, haka na yi shekara goma sha ɗaya, ban taɓa kiran abin ha'inci ba. Gyara muke ce masa.

Na tura ƙasa a kan wurin. Da aka koma sansani hutun rana, na shiga rumfar kanikawa na ɗebi fila a murfin gwangwani, da ɗan baƙin fenti da guntun samfefa. Da la'asar na koma na yi aikin. Kuma in faɗi gaskiya, na yi shi da kyau. Na goge, na shafa ƙura a kai har ni kaina sai na nema kafin in gane wurin. Abin kunyar shi ne har daɗi na ji. Duk bayanin da Malam ya yi mini wata huɗu, na ɗauke shi labari mai daɗin ji. Ban taɓa kawo shi kusa da kaina ba.

Washegari Malam ya sauka rami na sha bakwai. Ya fara da biron nan, yana dangwalawa yana rubutu. Da ya zo wurin, ya tsaya. Ya dangwala gefe, ya dawo. Ya sake.

Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Riga ta yi kauri a nan, amma a ido ba ta kumbura ba. To ƙarfen ne ya yi nisa."

Ya ɗauko sabulun ya ja a kai. Ina tsaye a bakin rami ina ganin allon. Layin ya zo sumul, ya faɗa, ya tashi. Ya sa ƙusa ya ɗan kankara, farar fila ta fito a ƙarƙashin baƙin fenti.

Foman ya zo, mutum ne mai saurin fushi. Ya buɗe takarda, ya karanta suna, ya daka tsawa: "Shafiƙul!" Aka tara mu duka. Ya ce raunin diga kuskure ne, ana gyarawa. Amma rufe shi, wannan cin amana ne, don da an mayar da ƙasa a haka, danshi zai shiga ƙarƙashin filar, tsatsa ta ci, tsagar ta yi ta girma da matsin mai har ranar da za ta buɗe. Shafiƙul ya ce, "Ba ni ba ne." Foman ya ce, "To wa?"

Shafiƙul ya juyo ya dube ni. Bai nuna ni ba, bai kira sunana ba. Kallo kawai. Ni kuma na sunkuyar da kai ina duban takalmina.

Aka ce ya ajiye kayan aiki ya zauna a kwantena har ofis ta yanke hukunci. Na gaya wa kaina gargaɗi kawai za a yi masa. Na gaya wa kaina ai taimakonsa na je yi. Na tuna Dada da ta sayar da tumakinta don tafiyata, na tuna yadda 'yan majalisar ƙofar shago za su ce Hamisu ya je Oman ya dawo da jaka ɗaya. Da lokacin cin abinci ya yi, Shafiƙul ya buɗe robar kifinsa ya ajiye a tsakaninmu kamar kullum. Na ce cikina ke ciwo. Laraba ta wuce a haka, Alhamis ma ta wuce.

Ran Juma'a da safe Malam ya kira ni in riƙe masa falalen ƙarfensa zai share. Muna zaune a bayan mota ya ce, "Na auna wurin nan. Tsagar ƙarama ce, za a goge ta a sa sabuwar riga. Bututu zai warke."

Na ce alhamdu lillahi.

Ya ce, "Amma aikin filar ya burge ni. An bi lanƙwasar bututu daidai, an kashe bakin yadda farce ba zai kama ba. Shekara nawa mutum ke yi kafin hannunsa ya iya haka?"

Na gyara riƙon falalen ƙarfen.

"Mutumin nan shinkafa yake shukawa, Hamisu. Na ga yadda yake riƙe buroshi." Ya ci gaba da goge ƙarfensa, bai dube ni ba. "Ni abin da na'ura ta faɗa nake rubutawa. Ba ta faɗin suna, ni ma ba zan faɗa ba. Ba aikina ba ne, ɗana."

Bai taɓa ce mini ɗana ba sai ranar. Na tashi na wuce kai tsaye kwantenar foman. Na roƙi Malam ya biyo ni ya fassara, don kada Larabcina ya rage wani abu. Na faɗi komai, da digar, da filar, da rashin lafiyar Shafiƙul. Foman ya saurara har na gama. Bai yi tsawa ba. Ya juyo da allon kwamfutarsa ya nuna wa Malam wani abu, suka yi magana, na ga Malam ya cire gilashinsa.

Na ce, "Malam, me ya ce?"

Ya ce, "Jiya da azahar ofis ta soke takardar zamansa. An riga an kai wa hukuma. Ya ce da Laraba ka zo, ko jiya da safe, da kai kaɗai za ka tafi."

Na durƙusa a gaban foman, abin da ban taɓa yi wa wani namiji ba bayan babana. Ya buga waya sau biyu a gabana, ba zan zalunce shi ba, ya gwada. Aka ce masa abin da aka soke ya soku. Abin da ya iya yi shi ne ya cire laifin daga takardar sallamar Shafiƙul ya mayar a tawa.

Ran Lahadi mota ɗaya ta ɗauke mu zuwa Maskat, ni da shi a kujerar baya, jakunkunanmu a kan cinya. Malam ya zo bakin mota ya ba kowannenmu ledar dabino, ya ce mini, "In ka isa, ka gaida ƙasar kakana." Hanyar nan da na zo ina ƙirga bishiyoyi, ban ga komai a kanta ba a komawa. Shafiƙul yana kallon taga. Sau uku ina buɗe baki, Larabcin ya gudu.

Da azahar direba ya tsaya a wani gidan mai. Muka yi alwala a famfo ɗaya. Babu kowa a ɗan masallacin sai mu biyu. A sansani ni nake jan mu salla in mu kaɗai ne, wai karatuna ya fi nasa. Ranar na tsaya a baya. Ya jira, ya ga ba zan matsa ba, ya shiga gaba ya tayar. Da muka sallame na kama hannunsa da hannu biyu na ce, "Samihni." Wato ka yafe mini. Ita ce kalmar da na roƙi Malam ya koya mini.

Bai janye hannun ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗaga yatsu biyu na ɗaya hannun. Ya haɗa 'yan kalmomin da muke da su, a hankali, don ya tabbata na gane.

"Kwana biyu," in ji shi. "Ni, jira. Kai, aboki. Ni, jira."

Direba ya danna ham. Ya tashi ya sa takalmansa, na bi bayansa. A filin jirgi layinsa daban, nawa daban. Na ga ƙeyarsa har ya shige, bai waiwayo ba.

Yau shekara biyu ke nan ina Shamaki. Na gaya wa Saratu da Dada komai a makon da na dawo. Lambar da Shafiƙul ya taɓa rubuta mini a bangon kwali ba ta shiga, na sa yaran unguwa masu ilimin waya sun nema mini shi sun gaji. Ban ce ya yafe ba, don bai ce ba. Duk wanda aiki ya kai shi ƙasashen nan ya haɗu da wani siririn mutumin Bangaladash mai 'ya'ya mata uku, manomin shinkafa, wanda ya taɓa haƙa a hamadar Oman, don Allah ya gaya masa Hamisu na Gombe yana nan, kuma yanzu shi ke jira.